Karan Dawar Baba Alhaji da Ajin Ɗiyata

Zuwa ga Baba Alhaji Sama'ila,
shugaban kwamitin iyaye mai kula da lakwal, makarantar bokon unguwarmu, nan Gaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗiya ke yi wa ubanta, ina tambayar lafiyarka da ƙarfin jiki, da Hajiya da sauran mutanen gida, da ƴan uwanmu da ke Yamai. Yaya damina? Allah ya sa yadda muka ga farkonta lafiya mu ga ƙarshenta lafiya.

Ni ce Hajo, ɗiyar amininka marigayi Malam Idi tela, wadda ke sana'ar gumin shinkafa a bayan masallacin unguwa. Na san labari ya riga ya iso kunnenka cewa na ba da sunana zan tsaya takarar shugabancin kwamiti, kujerar da kake kai tun ina ƴar lakwal. Na kuma san irin gishirin da aka barbaɗa wa labarin kafin ya iso. Wasu sun ce ƴan siyasa ne suka turo ni. Wasu sun ce na manta alheri. Wata ma a wurin injin niƙa ta ce zafin tukunyar gumi ne ya hau mini kai. Shi ya sa na rubuta wannan takarda a fili, na roƙi Daraktan makaranta ya bari a karanta ta ranar taro, don kowa ya ji daga bakina, kai ma ka ji ba ta bakin ƴan rahoto ba.

Bari in fara da abin da ya fi damuna, don kada in ɓata maka lokaci. Idan aka buɗe lakwal bana ba tare da ajin ƙananan yara yana tsaye ba, za a ɗauke mini ɗiyata a kai ta riƙo tungar kakarta, can bayan Tunuga, kuma karatunta ya ƙare ke nan. Wannan shi ne ya tsayar da ni. Sauran bayani ga shi daki-daki.

Na farko: abin da ba zan taɓa musu ba.

Baba, duk wanda ya ce bai san aikinka a makarantar nan ba, baƙo ne ko kuwa bai da kunya. Azuzuwan siminti da gwamnati ta gina ba su taɓa isar yaranmu ba. Manya suna ciki, amma ƴan fari, wato ajin se-i da ajin se-pe, aji ɗaya da aji biyu, kullum a rumfar kara suke karatu. Kuma wa ke kafa rumfunan nan? Kai. Kowace shekara amalankenka ke ɗauko karan dawa daga gonarka ta ƙauyen Bana, da gwafanni da azarar giginya, ka zo da ma'aikatanka, ka naɗe hannun riga ka tsaya a kansu har a ɗaure igiyar ƙarshe. Ban taɓa jin ka sa an yi shela a kai ba. Ban taɓa ganin ka tsaya an ɗauke ka hoto a gaban rumfar ba, a wannan zamani da mutum zai ba da alli guda ya tara masu waya.

Ni kaina a cikin rumfarka na fara riƙe alli. Ina tuna ƙanshin sabon kara da safe, da yadda rana ke ratsowa ta tsakaninsa ta sauka a kan allunanmu. Ina tuna ranar da iska ta karya gwafa ɗaya muna ciki, Mushe, wato malaminmu, ya fito da mu da gudu muna ihu, kafin la'asar ka zo da kanka ka gyara, ka kuma raba mana rake don mu daina kuka. Lokacin da mahaifina ya rasu ina ƙaramar koleji, kai ka je ka ce wa baffannina kada a cire ni, kuma saboda nauyin bakinka na ƙara shekarun da na ƙara. Hannun da ya rubuta takardar nan, da ba don kai ba, da bai iya rubuta ko sunansa ba. Ban manta ba, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban jama'a.

Har ƙarshen shekara alherinka bai tsayawa. Da an sallami yara hutun damina, sai ka ce matan unguwa marasa ƙarfi su zo su kwashe karan su yi girki da shi, domin abin da aka bayar sadaka ba a mayar da shi gida. Mahaifiyata ta sha tuƙa mana tuwo da karan ajin da na yi karatu a ciki. Mun san dalilinka kuwa, ko da yake ba ka cika faɗa ba: alkawari ne ka ɗauka cewa ladan aikin nan na mahaifiyarka ne, Allah ya jiƙanta, wadda ta so ka yi karatu hali bai yi ba. Wallahi Baba, duk lokacin da na tuna wannan sai in ji girmanka ya ƙaru a idona.

Na biyu: inda matsalar take.

Matsalar ba a zuciyarka take ba, a dawa take. Lakwal tana buɗewa a farkon Oktoba. Dawa kuwa ba ta san da wannan ba, ita sai ta ga dama take nuna, sai an yanke ta, sai karanta ya sha iska ya bushe. Kafin amalanke ya taso daga Bana, Nuwamba ta yi nisa. Duk wannan lokacin manyan yara suna aji, ƙanana suna gida, malaminsu yana zaune a ƙarƙashin itacen bedi yana danna waya. Da ruwan farko ya sauko kuma rumfa ta fara yoyo, su ne farkon waɗanda ake sallama. Su ake fara kora, su ake ƙarshen kira, alhali su ne ba su san ko baƙi ɗaya ba. Mun saba da haka har mun ɗauka haka Allah ya halicci makaranta.

Ga kuma abin mamaki. Gero yana nuna tun kafin a buɗe lakwal. Yanzu da nake rubutun nan an fara yanka a gonakin hanyar Yelu. Babu gidan manomi a unguwar nan da ba zai iya ba da damin karan gero ba. Na san abin da za ka ce, domin na ji ka faɗa: karan gero gajere ne, bai da ƙarfi, ruwan ƙarshen damina zai ruɓar da shi. Gaskiya ne. Amma zai kai mu har dawa ta iso, kuma yaro gara ya zauna a rumfa mai rauni da ya zauna a ƙofar gida yana ƙirga babura.

To me ya hana a kawo? Kowa ya san abin da ya hana, ba dai mai faɗa. Shekarun baya Malam Hassan mai kifi ya taɓa ciko amalanke da karan gero ya kawo bakin makaranta da kyakkyawar niyya. Ka zo ka same shi, ka riƙe hannunsa, ka ce: «Allah shi yi maka albarka, Hassan. Amma mai da karanka gida ka ba awaki. Wanga aiki nau na, ni da tsohuwata.» Ka kuma bi shi da shinkafa har gida don kada ransa ya ɓaci. Ransa bai ɓaci ba, amma unguwa duka ta ɗauki darasi. Tun daga ranar, kawo kara makaranta ya zama kamar mutum ya shiga tsakaninka da kabarin mahaifiyarka. Wa zai yi wannan? Sai muka naɗe hannu, muka zama ƴan kallo a makarantar ƴaƴanmu, muna ta sa maka albarka muna jiran dawa.

Na uku: abin da ya same ni bara.

Ɗiyata ta fari ce, kuma ka san irinmu ba mu kiran sunan ɗan fari, balle a takardar da za a karanta a gaban maza. Yau dai zan ajiye kunya gefe. Sunanta Rakiya.

Bara na rubuta ta a se-i. Na ɗinka mata jaka da ragowar atamfa, na saya mata allo da alli. Ranar buɗe lakwal tun da sassafe ta yi wanka ba a ce ta yi ba, ta bi yaran maƙwabta. Kafin hantsi sai ga ta ta dawo, jaka a rataye, ta ce an ce su koma gida, ajinsu bai zo ba tukuna. Washegari ma ta shirya ta tafi, aka sake maido ta. Ta yi ta yin haka har ta gaji, ta rataye jakar a ƙusa ta koma wasan ƙasa.

A lokacin ne ciwo ya kwantar da kai, ƴaƴanka suka zo suka tafi da kai Yamai. Mun yi ta addu'a, kuma Allah ya amsa, ga ka nan da ƙafafunka. Amma Baba, ka san abin da ya faru da makaranta a bayanka? Babu abin da ya faru, matsalar ke nan. Dawa ta nuna, aka yanke, kara ya bushe a gona, aka rasa mai cewa a ɗauko domin mai gona bai nan. Ƴan kwamiti suka ce a jira Alhaji. Darakta, Allah ya saka masa, ya gwada tara yaran a ƙarƙashin bedi, Madam, malamarsu, ta jingine allo a jikin itace. Inuwa tana gudu suna binta, awaki suna ratsa su, kowane babur ya wuce kawuna duka su juya. Bayan ƴan kwanaki iyaye suka daina turo su. Sai da ka samu sauƙi ka bugo waya daga gadon asibiti, kana tambayar aji kafin ka tambayi gidanka, sannan aka motsa. Rumfa ta tsaya ana gab da hutun Disamba.

Kafin nan surukata ta zo ganin gida. Inna tsohuwa ce, idanunta sun yi rauni, tana zaune a tungarsu ta masunta ita da ƙanen maigidana da bai yi aure ba. Ta daɗe tana neman a ba ta Rakiya riƙo, kamar yadda aka saba ba kaka ɗiyar fari, ina ta kaucewa da cewa yarinya za ta shiga lakwal. Ta zo ta tarar da ita da hantsi tana wasa a ƙofar gida. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi: «Ni ba ni ƙin boko. Amma ɗiyar da ke zamne tana jiran kara, mi za shi hana ta jira shi wurina?» Ka gaya mini, Baba, da wane baki zan amsa wannan? Ta tafi da ita.

Da aka kafa rumfa sai da na yi tafiya har can, na durƙusa, na haɗa da ƙanwar Inna ta sa baki, kafin aka ba ni ɗiyata. Ta dawo ta iya jan ruwa da gyaran kifi da jagorar tsohuwa zuwa bakin kogi, ta manta inda jakarta take. Abin da ya rage na shekara bai isa komai ba. Aka sallame su da ruwan farko tana rikita baƙaƙe, sunanta ma sai an kama mata hannu. Ba laifin Madam ba ne, ta yi iya ƙoƙarinta a ɗan lokacin da ta samu. Bana za ta shiga se-pe, wanda shi ma ajin kara ne.

Maigidana ba mugu ba ne, kada wani ya ji wannan ya zarge shi. Tun da aikin lodi a bakin gada ya yi sanyi ya koma gona, kuma kullum tunanin mahaifiyarsa na ransa. Ya dubi shekara guda da ta wuce ba abin nunawa, ya dubi tsohuwar da ke laluben randa da hannu, ya yanke magana: «In an buɗe lakwal da su, ta zamna. In kuwa anka ce su jira kara, to Inna ta hi kara bukata tata.» Wannan karon kuma ba aro ba ne, riƙo ne na har aure. Tungar ba ta da makaranta, wadda ke kusa sai an yi doguwar tafiya, in ruwa ya cika kuma sai da jirgi. Na yi kuka, na yi fushi, na daina yi masa magana na ɗan lokaci, daga baya na zauna na ga cewa mutumin nan bai faɗi ƙarya ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Tambayi matan da muke turara shinkafa tare. Wannan an kai nata ɗan wurin kawunsa mai shago a ƙetaren gada «kafin aji ya zo», har yau bai dawo ba. Waccan tata ta fara tallan muruci a tasha, ta ɗanɗana kuɗi, ta ce ita ta gama da lakwal. Ba wanda ya cire su da gangan. Jiran ne ya cinye su, kuma ba wanda ya bi sawu ya tambaya.

Na huɗu: ƙofofin da na ƙwanƙwasa kafin in kai ga wannan.

Kada a ce Hajo ta tsallake manya ta faɗo fili. Na fara zuwa wurin Hajiya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta share hawaye, ta ce ita ma ta taɓa gwada maganar, ka ce mata ta bar ka da abin da ke tsakaninka da Ubangijinka. Na je wurin ma'ajin kwamiti a shagonsa. Ya gyaɗa kai har na gama, ya duba hagu da dama, ya ce: «Gaskiya ta, Hajo, amma wa za shi hwaɗi ma Alhaji?» Na je wurin Darakta, ya ce shi baƙo ne aka turo shi aiki, in ya taɓa wannan magana zai rasa rumfar ya rasa unguwar.

Daga ƙarshe na zo da kaina, ka tuna, wata Jumma'a bayan an sauko masallaci. Na shirya maganata tun daga gida, na yi ta maimaita ta a hanya. Da na durƙusa na gaishe ka, ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ka yi wa mahaifina addu'a, ka ba ni labarin yadda ya ɗinka maka rigar aurenka hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, muka yi dariya. Na fara cewa «Baba, batun ajin yara ne», sai ka ɗaga hannu ka ce: «Kak ki damu, Hajo, bana dawa ta yi kyau.» Ka sa aka ɗauko mini dankali na kai wa yara. Na fito ɗauke da dankali, maganata tana cikina. Wallahi a hanya ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Alherinka yana rufe baki, Baba, ya fi faɗan wani rufewa.

Na biyar: dalilin da ya sa kujerarka nake nema, da abin da zan yi da ita.

An ba ni shawara in nemi gurbin mata a kwamiti, wai ya fi dacewa da ni. Na san gurbin nan, gwaggona ta zauna a kai shekara da shekaru. Aikinsa dafa abinci ranar da mai duba makarantu zai zo, da tara mata su share fili. Ni kuwa ina da tukunya a gida, ba sai na yi takara zan samu wata ba. Maganar kara a bakin shugaba take, shi ya sa can na nufa.

Idan iyaye suka tsaya a bayana, ga abin da na ƙudurta.

Kowane gida mai yaro a makaranta ya kawo damin karan gero da zarar an yanka, wanda ba ya noma ya kawo igiya ko ya kawo ƙarfinsa. Mu kafa rumfunan kafin ranar buɗewa, ko da ba su yi kyan gani ba. In dawarka ta iso, a sake rufi da jiki da naka karan mai ƙarfi a ranar da ba karatu, shi ne zai kai yara ƙarshen shekara kamar kullum. Sadakarka tana nan ba wanda ya taɓa ta. Mu dai a bar mu mu riƙe wurin kafin ta iso.

In an sallami yara, mata su kwashe kara su yi girki yadda ka saba ba su, ba ni zan cire wa marayu wuta daga murhu ba. Amma gwafanni da azara a tone su a adana a cikin aji mai ƙofa, kada gara da ruwa su cinye su, kada kuma kowace shekara a fara daga fili fetal.

Taron iyaye a daina sa shi ranar kasuwa, a kuma daina sanar da shi a masallaci kaɗai. Mu da muke wanke yaran nan muna tura su da safe, sai taro ya wuce muke jin an yi. A faɗa a famfo, a faɗa a wurin niƙa, a gaya wa yara su gaya wa uwayensu. Za ka ga fili ya cika har ka rasa inda za ka shimfiɗa buzunka.

Duk yaron da aka daina gani a aji, kwamiti ya tashi mutum biyu, mace da namiji, su je gidansu su tambaya. Ba da faɗa ba, ba da barazanar hukuma ba. Sau da yawa iyaye kunya ce ke hana su maido yaro bayan ya daɗe, suna jiran wanda zai ce musu ƙofa a buɗe take.

Sai babban burina, wanda na san ba na shekara ɗaya ba ne. Muna da ƙasa mai kyau, muna da magina a unguwa, muna da samari da ke zaune da rani. Mu buga tubali mu ta da bango, ko aji ɗaya ne, mu je mu tsaya a ƙofar magajin gari har a ba mu kwanon rufi. Kai ma ka san abin da ke faɗo wa kowace uwa a rai in ta ga hayaƙi ya tashi ta wajen makaranta, ga yara cike da rumfar busasshen kara mai ƙofa ɗaya. Ina so wata rana a ce ƙananan yara ne a aji mai bango. Kuma ban san wanda zai iya shiga gaba a wannan tafiya kamarka ba, domin ƙofar da zan yi wata ina bugawa, kai da sallama ɗaya za a buɗe maka.

Ban ce na fi ka sanin makaranta ba. Ban kai ka haƙuri ba, bakina kuma yana da sauri, kowa ya shaida. Abin da na fi ka shi ne ni ina gida da hantsi, ina ganin yaran da aka maido.

Roƙona gare ka.

Ka san yadda muke zaɓe a nan: ƴan takara su tsaya a fili, kowa ya je ya yi layi a bayan wanda yake so, ido na ganin ido. Tun da na yi aure nake tsayawa a bayanka, ban taɓa duban wani layi ba. Bana akwai mata da yawa, har da maza, da suka ce mini a ɓoye suna tare da ni, amma ƙafarsu ba za ta iya wuce ka ta zo bayana ba kana kallo. Wannan ya ci shinkafarka, wancan kai ka biya wa matarsa magani, waccan kai ka yi wa ɗanta hanyar aiki. Ina roƙonka ka miƙe kafin a fara, ka faɗa da bakinka cewa duk wanda ya tsaya bayan Hajo bai yi maka laifi ba. In ka faɗi haka aka kayar da ni, na yarda, zan zo har gida in yi maka barka da zuciya ɗaya.

Roƙo na biyu ya fi na farko girma, kuma bai jira zaɓe ba. Ko na ci ko na faɗi, ka ce a kawo kara. Kalma ɗaya ce daga bakinka bayan sallar Jumma'a. Ladan mahaifiyarka ba zai ragu ba don wasu sun sa hannu, malamai suna nan ka tambaye su, ni a ganina ma ƙaruwa zai yi, tun da kai ka buɗe ƙofar. Ka yi shekaru kana ɗauke da makarantar nan kai kaɗai, bara kuma mun ga abin da ke faruwa ranar da ka kwanta. Ka koya mana aikin tun kana tsaye a kanmu, ka nuna mana yadda ake kafa gwafa da yadda ake ɗaurin da iska ba ta kwancewa.

Inna ta riga ta aiko. Ta ce a satin da za a buɗe lakwal ƙanen maigidana zai zo da babur, da hantsi, ba ta faɗi rana ba. In ya tarar da Rakiya a gida, zai ɗora ta a baya su tafi, ni kuma ba ni da ta cewa, don da bakina na amsa sharaɗin. In ya tarar tana aji, zai sha ruwa, ya gaishe mu, ya juya. Baba Alhaji, don girman Allah ka taimake ni ya juya shi kaɗai.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ciwon bara ya zama kankarar zunubi. Allah ya kai hasken aikinka kabarin mahaifiyarka, ya jiƙan amininka mahaifina, ya albarkaci gonarka da zuriyarka. In akwai kalmar da ta yi kaifi a takardar nan, ka yafe wa ɗiyarka, zafin uwa ne ba raini ba.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Hajo ta Malam Idi tela, uwar Rakiya.